Burodi Ashirin da Kawu Lawan Ya Zubar

Kakata ba ta yin tatsuniya sai a gaban wuta. Doka ce da ta taho da ita daga Kano, jaka ɗaya da kuka da daddawa, kuma ba ta ga dalilin sassauta ta ba don kawai ta sauka a hawa na tara na wani bene a Guangzhou, inda in ka hura itace 'yan kwana-kwana za su iso kafin ya kama. Saboda haka da an idar da magariba sai ta ja 'yar kujera zuwa kicin ɗinmu, wanda bai fi faɗin sallaya biyu ba, ta kunna gas, ta ɗora tukunyar ruwa don kada Abba ya ce ana ɓarna, ta miƙe ƙafa. Ni kuma in haye buhun shinkafa. Wutar shuɗiya ce, ba hayaƙi, ba tartsatsi. Kaka ta ce wuta ce marar tarbiyya, amma da babu gara ba daɗi.

Jegon Mama ne ya kawo ta, a shekarar da ƙasar Sin ta haukace da shirin wasannin Olamfik. Ina da shekara goma sha ɗaya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida Ummi yake ce mini, ita kuwa Takwara.

To, ga abin da ya ci mini rai a lokacin. A bakin makarantarmu akwai shagon burodi, kuma kowace safiya 'yan ajinmu sai sun sayi wani burodi mai laushi da sosej, wato 'yar sandar niƙaƙƙen nama, kwance a cikinsa, kai a waje, ƙafa a waje. Malamar Turanci ta ce a ƙasarsu alade cikin bargo ake ce wa irinsa, kuma a shagon nan alade ne da gaske, ba wasa ba. Shekara uku ina wucewa ta gabansa ina haɗiye miyau, har na fara tsoron wata rana zan nutse. Sai aka ce ranar Juma'a kowa ya kawo abinci daga gida, a haɗa tebur, a ci tare. Duk lokacin da aka yi irin wannan, ni ce yarinyar da ke zama a gefe da kwanonta, ana tambayarta cikin tausayi, "Wannan ma ba kwa ci?" Na rantse wannan karon a tsakiyar tebur zan zauna, da burodin da ba wanda zai bambance shi da na shago.

Abba ya biya shagon mahautan Musulmi a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Shiling, inda yake sarin jakunkuna, ya sayo mini sosej na naman sa, leda biyu. Daga nan masu ba da shawara suka taso mini.

Ta farko Ayi ce, 'yar Sin Musulma mai shagon taliya a ƙasan benenmu. Ayi na nufin inna. Ta murza kwaɓin fulawa ya yi tsawo kamar igiya, ta naɗe sosej da shi zagaye-zagaye, ta sa a kwandon gora ta turara. Ya fito fari tas, yana tururi. Da na kai wa Kaka ta ɗanɗana, ta juya shi gaba da baya ta ce, "Allah ya jiƙan rai. An yi masa likkafani kuma ba a binne ba."

"To ke ya za ki yi, Kaka?"

Ta tashi ta nuna mini. Ta murza fulawa siriri, ta barbaɗe sosej da yajin ƙuli har ya daina kama da kansa, ta naɗe, ta danne baki da cokali mai yatsu, ta jefa a mai. Ya fito a murɗe, wani ya fashe a ciki, wani ya yi ƙaho. Daɗi kam akwai. Kyau kuwa, in an kai shi gasar muni sai a ce ban da ƙwararru.

Na ce musu duka na gode. Ni irin na shago nake so: kwaɓi da madara da sukari da yis, a bar shi ya tashi sau biyu, a shafe da ƙwai, a gasa. Kwana uku ina gwaji a 'yar tandar lantarkin Mama. Na farko ya fito kamar bulo, da za a iya gina masallaci da shi. Na biyu ya kumbura ya haɗiye sosej ɗin, sai da muka yi cigiya. Ranar Alhamis da la'asar na samu. Guda ashirin, jajaye, suna sheƙi, kai a waje, ƙafa a waje. Har ledojin shagon na roƙo wajen ƙawata Lin, na saka kowane a tasa, na jera su a tire a kan teburin falo. Sannan na sauka in kira Ayi ta zo ta ga abin da ake kira aiki.

A cikin wannan minti goma ne Kawu Lawan ya shigo. Yayan Mama ne, ya zo baje kolin da ake yi a unguwar Pazhou, yana kwana a falonmu, kuma tun da ya sauka yake kallon duk abin da ke faranti kamar zai cije shi. Sinanci kalma biyu ya sani, laoban wato maigida, da meiyo wato babu, amma ledar shagon nan ya gane ta, don Abba ya nuna masa ita a ranar farko ya ce ya kiyaye. Mama tana wanka, Kaka tana salla. Bai jira kowa ba. Ya naɗe hannu da jarida, ya kwashe tiren, ya sauka hawa tara, ya juye a kwandon shara na titi. Tiren ma sai da ya wanke shi sau bakwai, yana neman ƙasa a cikin tukunyar furannin maƙwabta.

Da na dawo na tarar da shi yana goge hannu yana wa Mama faɗa. "Ku kuna nan yarinya na shigo muku da alade gida. Abin da zaman ƙasar mutane ke jawowa ke nan."

Kukan da na yi, ina jin an ji shi har can unguwar Tianhe. Na kawo ledar sosej daga kicin, mai rubutun Larabci da hoton saniya, na ɗora masa a gwiwa. Ya duba, ya sake dubawa, ya gyara hula. Kun san abin da ya ce? "To ai ke ce kika sa shi ya yi kama."

Da magariba na ƙi zuwa kicin. Kaka ta kunna wutarta, ta yi gyaran murya sau uku, sannan ta ce da ƙarfi, "Ga ta nan, ba ta da biza amma ta shigo."

Na juya wa kicin baya. Amma ba a barin tatsuniya a tsaye a ƙofa. Na ja ƙafa na je na haye buhuna na ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai akwai wani ɗan rago fari a wani gari kusa da fadama. Kullum yana ganin 'ya'yan gyado, aladun daji, suna birgima a taɓo suna shewa, in ya matso sai su ce, "Kai fari, koma gida kada ka yi datti." Ran nan ya shiga taɓo ya shafe jikinsa tun daga kunne har kofato, ya samo ƙaya biyu ya maƙala a baki kamar haure, ya koyi gurnani. Ya iya ƙwarai, har uwar gyado ta lashe masa kai. Suka yi wasa har rana ta faɗi. Da ya koma gida, maigidan ya leƙo ya ga gyado a bakin garke, ya ɗauko taɓarya. Ɗan rago ya buɗe baki zai yi kukan tumaki, taɓo ya cika masa maƙogwaro, sai gurnani ya fito. A waje ya kwana. Da asuba aka yi ruwa ya wanke shi, aka buɗe masa ƙofa.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wato laifin ragon ne? Shi maigidan ba shi da hanci? Ba shi da baki ya tambaya? Haure na ƙaya fa, Kaka. Ko makaho ya shafa zai gane."

"Takwara, tatsuniya ba kotu ba ce."

"To a kai ta kotu."

Ta yi dariya har tukunya ta taya ta. Sannan ta ɗaga murya yadda za ta isa falo, inda Kawu ke yi kamar yana karanta takardun kaya. "Na manta ban faɗa ba. Shi maigidan, daren nan bai runtsa ba. Yawo ya yi ta yi da fitila yana neman ragonsa, ragon da ya kora da hannunsa. Har ya faɗa rami." Ta rage wuta. "Ƙurunƙus kan ɓeran Sin, da ya fi na Kano ƙiba."

A falo dai takarda ta daina motsi.

Sosej takwas suka rage, kuma ba lokacin jiran kwaɓi ya tashi sau biyu. Da asuba Kaka ta yanka kowane gida uku, ta yi mini irin nata. Na roƙe ta ta rage yaji, ta ce ta rage, ƙarya take. Mutanen Guangzhou kuwa ko barkono suka gani a hoto sai sun nemi ruwa. Na ajiye munanan abubuwan nan a tsakiyar tebur ina jiran mutuwa. Yaron farko da ya ci ya yi tari har tabaransa ya faɗi. Malama ta sha ruwa kofi uku tana cewa yana da ban sha'awa. Lin ta ci huɗu, hawaye na zuba, tana miƙo hannu. Kafin a tashi an mayar da shi gasar jarumta, ana layi, ana ƙirga wanda ya fi daɗewa bai sha ruwa ba. Ba wanda ya tambaye ni abin da ba ma ci. Ni ce ma nake tambaya, "Wannan ma ba kwa iyawa?"

Bizar Kaka ta ƙare kafin a fara wasannin, ba a sabunta ba, ta koma. Shekara biyar ke nan. Da farko na ɗauka tatsuniyar tana cewa kowa ya tsaya a fatarsa, kuma na ji haushinta sosai, don ni ban ga laifin son wasa a fadama ba. Yanzu rabin da ta jefa falo ne ya fi zauna mini. A jirgin ƙasa mutane su ga fuskata su fara yi mini magana da hannu, alhali na fi su iya zagi da yarensu. Baƙin Abba daga Kano da Maraɗi su gan ni da tsinken cin abinci su girgiza kai, an yi asarar yarinya. Kowa da taɓaryarsa, ba mai gutsurawa ya ga abin da ke ciki. Kaka ta san haka za a yi ta yi mini, ina jin shi ya sa ba ta ce ragon ya daina zuwa fadama ba, ba ta kuma ce maigidan ya yi hankali ba.

Kawu Lawan kuwa, da ya koma Kano, ya aiko mini da kilishi ƙunshi guda, ba wasiƙa, ba saƙo. Mama ta ce a wajen babba wannan shi ne ban haƙuri, in karɓa in yi shiru. Kilishin na cinye. Haƙurin ina jira.