Gishirin da Muka Wanke a Tabki

Ni da ɗan kawuna lakwal ɗaya, wato makaranta, muka yi a Dogon Dutsi, benci ɗaya, kuma duk wanda ya san mu ya san ni ke yi masa lissafi. Amma da aka samu ƴancin kai, shi Allah ya ɗaga. Wani aboka, lauya ke nan, mai shari'ar jiragen ruwa a Kwatano ya ɗauke shi magatakarda. Ni kuwa ina nan kan tabarma a ƙofar kantin kawu, ina rubuta wa mutane wasiƙu.

Taubashina ne, don haka in ya zo gida wasa muke. In ce masa, "Bawana, kai da ko tabki ba ka iya haurewa, mi ka sani ga teku?" Ya yi dariya, ni ma in yi. Tawa dariyar a baki ta tsaya. Kishinsa nake ji, kishi mai hana cin tuwo. Kawu ba ya iya sayar da kamu biyu na yadi bai ce "ɗana na bakin teku" ba. Ni da ke share masa kanti, ina karanta masa takardu, sunana "yaron nan".

Wata damina kawu ya zuba duk abin da ya mallaka, har da shanunsa, ya yi odar dilolin atamfa. Jirgin ruwa ya sauke su Kwatano, jirgin ƙasa ya kai su Faraku, babbar mota ta biyo da su ta Gaya da Dosso. Da muka kwance dila ta fari, wari ya buge mu. Atamfar a jiƙe, ta yi tabo, ga wani farin abu ya bushe a bakin kowane turmi. Dila ta biyu haka, ta uku haka. Kawu ya zauna a ƙasa, hularsa a hannu. In kayan nan suka tafi a banza, kanti ya tafi.

Ya ce, "Tashi maza gidan waya, ka buga ma ɗan'uwanka. Wannan aikinsu na."

Na ce to. Na kama hanya, na kai har ƙofar gidan waya, na tsaya. Wato yanzu ma shi? Ya zo da takalminsa mai ƙara, ya gyara komai, gari ya ɗauka? Ni ba Faransanci na karanta ba? Na juya abina. Na ce wa kawu an buga. Na zauna na rubuta wa kamfanin jirgin wasiƙa da kaina, shafi uku, na zuba manyan kalmomi har ni kaina na ji tsoron kaina.

Ana nan sai matan gida suka ce wannan kaya in aka bar shi ruɓewa zai yi. A wurinmu abin da ya ɓaci wanke shi ake, a shanya, a ga abin da za a tsira da shi. Wa zai zuba wa dukiya ido tana wari? Kawu ya tambaye ni, tunda ni ne mai boko a kusa. Na ce a wanke mana, ai kamfani ma zai ga mu masu kula ne. Ni na jagoranci jakuna zuwa tabki. Kwana uku mata na dirza, duwatsun bayan gari duk suka rufe da atamfa, mutane na zuwa kallo har daga Matankari. Ranar na ji ni wani ne.

Mako biyu kamfani shiru. Kawu kullum sai ya tambaya ko ɗansa ya amsa. Daga ƙarshe na lallaɓa na buga wayar.

Kwana huɗu sai ga shi, ƙafa duk taɓo. Ko ruwa bai sha ba ya shiga kanti. Ya ɗauki turmi ɗaya, ya sa harshe a bakin turmin. Ya ɗauki wani, ya lasa. Na ce, "Bawana, yunwa ce ta koro ka?" Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Wa ya wanke?"

Kawu ya ce, "Mu. Laihi na?"

Sai ya yi mana bayani a hankali. Farin abin nan gishirin teku ne, kuma shi ne shaidar cewa a cikin jirgi kayan suka jiƙe. Da an bar su yadda suke, an kira ma'aikacin kotu ya gani ya rubuta, da maigidansa ya samu abin kamawa. Yanzu kamfani zai ce ruwan sama ne ya dake su a mota, tsakanin Faraku da Gaya, ba ruwansu. Ga damina, wa zai ƙaryata su?

Kawu ya ɗago ya dubi ɗansa. "Tun ranar da kayan ga sunka iso na sa aka buga maka waya. Kalma ɗaya za ka aiko, ka ce kar a taɓa. Mi ya riƙe ka?"

Takardar wayar da na buga na aljihun taubashina, da kwanan watan a jiki. Ya dube ni. Jira nake ya fiddo ta.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Aiki ya yi mani yawa, Baba. Ka gafarce ni."

Kawu ya ce, "Aikin Nasara ya fi ubanka." Ya tashi ya shige gida.

Atamfar a arha aka rabar da ita a kasuwannin ƙauye. Kafin kaka aka rufe kanti, kawu ya koma gonar gero a Geceme. Ni ya ɗauka muka tafi tare, yana gaya wa kowa ni ne ɗan da ya tsaya masa. Wasiƙun ɗansa ni nake karanta masa, ya saurara ya ce a ajiye, ba amsa.

Ban taɓa faɗa wa kawu gaskiya ba har ya rasu. Kuma ba zan yi ƙarya ba, ranar nan a kanti ba godiya na ji ba. Haushi na ji, don ko a kirki ma taubashina ya fi ni. Bayan an yi jana'iza ya kama hannuna ya ce, "Na gode da ka riƙe mani Baba." Da gaske yake faɗa, har da hawaye, ni kuma na ce masa ba komai.