Galmar Yafet

"To tafiyar zuwa ina?" Suzana ta tambaya.

"Ko'ina, Mama. Ko bakin titi mijinki ya je ya dawo, ya wadatar," in ji Asama'u, tana naɗe abin awon jini tana cusawa a jaka. Ita ce ma'aikaciyar lafiyar da ke leƙo unguwar duk ranar Laraba bayan ta tashi aiki. "Magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. Jininsa yau ya fi na wancan mako hawa. In ya ci gaba da wannan zama, wata rana zai faɗi, ɓarin jiki ya shanye."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce in gaida mutanen gida."

Suzana ta waiwaya ta dubi mijinta Obed. Yana kan benci a jikin bango, inda yake tun safe, inda kuma ya wuni jiya. Ba ta ji gabanta ya faɗi ba. Ta daɗe rabonta da jin haka. Magana takan shiga kunnenta ta samu wuri ta zauna, shi ke nan.

A wani ƙauye kusa da Kakangi aka haife ta. Tun tana ƙarama take ɗaukar kaya a kafaɗa kamar sauran matan Gbagyi, har kafaɗarta ta hagu ta yi kanta, ta ɗan fi ta dama sauka. Ta auri Obed lokacin da ake kwatance da kunyoyin gonarsa saboda miƙewarsu. 'Ya'yansu mata sun yi aure sun watse, aka bar su da namiji ɗaya, Yafet. Wata damina Yafet ya tafi gonar da ke bakin daji bai dawo ba. Ranar 'yan bindiga sun ratsa ta wajen. Masu nema suka je suka dawo da galmarsa kawai. Kafin kaka ƙauyen ya tashi, su ma suka kama ɗaki a bayan garin Birnin Gwari, inda irinsu suka taru. Har yau Maman Yafet ake kiranta, tana kuma amsawa.

A wannan unguwa, mutanen da suka tashi suna sammakon gona suka koma zaman benci. Abinci kuma sai abin da ya samu: garin kwaki, taliya, gishiri a cika don ya wuce maƙogwaro. Da ɗaiɗaya aka fara kukan ciwon kai da jiri. Asama'u ta taɓa tara mata da safe ta ce su zaga unguwa don jini ya motsa. Suka fito suna tafe hannu rabbana, sai wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Iyaye, lafiya? Wa ya ɓata?" Wasa yake yi. Washegari ko mace ɗaya ba ta fito ba.

Suzana ce ta ce da Asama'u, "'Yar nan, mu ba ma tafiya ba kaya." Ta je wurin mai unguwa ta roƙi wani fili a bakin rafi da ake zubar da shara. Ta kwashe sharar a kafaɗa, ta shuka alayyahu da rama da yakuwa. Mata suka fara biyo ta, wannan da bokiti, waccan da kwandon taki. Ranar Laraba a haɗa tukunya ɗaya, daddawa da yawa, gishiri kaɗan, a ci a auna jini. Maza dai suka ƙi. Wai gonar miya ce. Obed kuwa yana kan bencinsa. Galmar Yafet tana rataye a bango saman kansa, shi bai taɓa ta ba, bai kuma bari an sauke ta ba.

Da Asama'u ta tafi, Suzana ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan Bakoji, tsohon maƙwabcinsu tun ƙauye. Shi hawan jinin ya riga ya kayar da shi bara, hannunsa na dama ya mutu. Ta same shi ya idar da sallar la'asar a zaune.

"Baba Bakoji, mai unguwa ya ƙara mana fili. Dankali da wake za mu sa, sai an yi huɗa. Ka kira gayya."

"Ni? Da wannan hannun?"

"Da baki ake kira."

Ya dube ta. Ya gane. A ƙauyensu, in dattijo ya taka da ƙafarsa ya zo ƙofar gida ya ce gobe akwai gayya, to dole gidan ya fitar da namiji da galma. Ba a cewa a'a, ba a kuma aika uzuri. Mace kuwa ba ta kiran mijinta gayya.

Da yamma Bakoji ya zo yana jan ƙafa, yana dogara sanda. Ya tsaya a ƙofa bai zauna ba, don ba a kiran gayya a zaune.

"Obed, sarkin benci. Gobe da safe akwai gayya a bakin rafi."

"Gayyar alayyahu?"

"Gayya dai. Ko a gari an canza mata suna?"

"Kai da ko cokali ba ka iya riƙewa."

"Shi ya sa nake kiran masu hannu biyu, ragon banza."

Obed ya kusa yin murmushi, sai abin ya tsaya. Ya dubi ƙasa. "Ka san wanda ke zuwa wa gidan nan gayya. Ba ya nan."

"Na sani," in ji Bakoji. "Ina cikin waɗanda suka ɗauko galmar. Ni dai na kira." Ya juya ya ja ƙafarsa zuwa gida na gaba.

Da gari ya waye Suzana ta dama kunun tsamiya ba sukari, ta juye a babbar roba. Ta miƙa wa Obed maganinsa da ruwa, ya haɗiye, ya koma benci. Maza biyu suka wuce ta ƙofar gidan da galma, suka gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ta tsaya ta jira har rana ta fara taɓa bango. Bai motsa ba.

Sai ta matsa, ta miƙa hannu saman kansa, ta sauke galmar. Ƙura ta zubo masa a riga. Ba ta san tana da nauyi haka ba. Ƙotar ta yi santsi a daidai inda hannun Yafet ke kamawa. Ta ɗora ta a kafaɗarta ta hagu.

"Ina za ki da ita?"

"An kira gidan nan gayya."

"Mace da galma a gaban maza? So kike a ce gidan Obed ya mutu?"

"Ban san abin da za a ce ba, Baban Yafet. Na dai san an kira."

Ba faɗa take yi ba. Muryarta ɗaya ce da wadda take tambayarsa ko zai ƙara tuwo. Ta kai bakin ƙofa kenan ta ji bencin ya yi ƙara.

"Ajiye. Ba haka ake ɗaukarta ba, baki sama. Za ki sare wa wani kunne."

Ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango har jirin ya sake shi. Ya karɓi galmar, ya juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa. "Ta yi tsatsa," ya ce. Ya saɓa ta ya fita.

Tafiyar da ba ta da nisa sai da ya huta sau biyu a hanya. A bakin rafi Bakoji na zaune kan dutse yana ba da umarnin da ba wanda ke bi. Obed ya ja kunya ɗaya bai kai ƙarshe ba, ya tsaya yana haki, zufa na bin wuyansa. Amma kunyar ta miƙe. Ya zauna a ƙasa, galmar a kan cinyarsa, yana ce wa na kusa da shi, "Taka ta karkace."

Suzana ta tsaya tana kallo, tana jiran ta ji wani abu a ƙirjinta. Bai zo ba. Ta lura dai cewa kofunan kunu ba za su isa ba, kuma gefen yakuwa ya bushe.

"Maman Yafet, ruwa!" wata ta kira daga can.

"Ga ni nan," ta ce. Ta ɗora bokiti a kafaɗa ta gangara rafi.