Gishiri a Cikin Kankare

Na yi kusan shekara ashirin ina aikin injiniya a kan yarda ɗaya: idan takardar gwaji ta ce kankare ya yi ƙarfi, magana ta ƙare. Ranar da ya kamata wannan yarda ta karye tana nan a raina, ko da yake a lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Daga ofishinmu na Lafia aka tura ni in sa ido a kan ginin wata ƙaramar gada a hanyar ƙauye, can wajen Keana, wadda manoma za su riƙa fito da doya ta kanta. Aikin mai sa ido shi ne ya duba rodi kafin a rufe shi, ya duba yashi da tsakuwa da siminti, sannan ya sa a ɗebi kwaɓin a ƙananan akwatunan ƙarfe. Bayan kwana bakwai, da kuma bayan ashirin da takwas, sai a ciro busasshen kankaren, inji ya matse shi a ga nauyin da zai iya ɗauka. Fom ɗinmu yana da gurbi ga kowane ɗayan waɗannan. Ruwan kwaɓi ne kawai ba shi da gurbi.

Ranar da za a zuba saman gadar, tankar ruwa ta iso da hantsi. Shugaban magina, Baba Agbo, dattijo ne ɗan ƙabilar Alago wanda mahaifiyarsa ta tsufa tana dafa gishiri. Ya tara hannu a bakin famfon tankar, ya kurɓa, ya tofar.

"Oga Injiniya, ruwa nan gishiri ne," in ji shi. "Gada ba zai daɗe ba. Sa harshe ka ji."

Direban tankar ya ce rafin da ya saba ɗiba ya janye, shi ya sa ya ɗebo a wani tafki mafi kusa. Ɗan kwangilar da aka bai wa aikin ya tambayi Baba ko miya aka ɗauko shi ya dafa, leburori suka yi dariya. Sannan ya ja ni gefe ya tuna mini cewa manya sun riga sun sa ranar buɗe gadar.

An koya mana a jami'a cewa gishiri yana cin rodi daga cikin kankare, a hankali, kuma injin matsewa ba ya nuna hakan. Na sani sarai. Abin da na kasa shi ne in sunkuya in kurɓi ruwan tanka a gaban leburori domin magini ya ce in yi. Sai na ce, "Baba, mu ba da harshe muke gwaji ba." Ya dube ni, ya ce to, ya koma wajen mutanensa. Sakamakon gwaji ya fito da kyau, na sa hannu.

A damina ta huɗu gefen gadar ya rufta da wata motar doya. Direbanta, wani magidanci ɗan Tiv mai suna Terna, ya rasa ƙafarsa ta dama. Da na je wurin na ga rodin ya kumbura da tsatsa, ya tsattsaga kankaren, ina iya ɓare shi da farce. Baba Agbo yana cikin masu kallo. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali.

Kwamitin bincike ya nemi takardu, na kai su cif. Da shugaban kwamitin ya tambaye ni ko akwai abin da na lura da shi wanda ba ya cikin fayil, na ce babu. Suka rubuta cewa direban ne ya yi lodi fiye da kima.

Wata biyu na yi kafin na iya rubuta wa daraktanmu abin da ya faru ranar zubi, da sunana a ƙasa. Ya karanta a gabana, ya ce an riga an rufe rahoton. An ƙara gurbin gwajin ruwa a fom ɗinmu, ni kuma aka mayar da ni sashen zane. A rahoton, har yau laifin na Terna ne.