Hannun Daman Rabe Mai Tana

A duk Gombe, idan shaf, sandar ƙarfen da ke juya injin niƙa, ya lanƙwashe ko fulin da bel ke ja a famfon noman rani ya cinye, wurin Rabe ake nufa. Mutumin unguwar Dawaki ne, iyayensa Katsinawa, kuma tun yana saurayi yake tsaye gaban injin tana, mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi, a shagon Alhaji Safiyanu da ke Herwagana. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma bakinsa ba ya raga wa kowa. Idan abokin aiki ya ɓata ƙarfe, sai Rabe ya ɗaga shi sama ya zagaya shago da shi yana tambayar ko jaki ne ya tauna.

Yana da wata al'ada irin ta tsofaffin masu tana. Idan ya kashe inji, ba ya jira kan da ke riƙe ƙarfen ya tsaya da kansa, sai ya ɗora tafin hannunsa ya taka masa birki. Tafin nan har ya yi kanta kamar diddige, kuma yana alfahari da shi.

Sai Alhaji ya sayo injin tana mai kwamfuta, na hannu, daga Legas. Titus, mai gyaran lantarki da ya haɗa shi, ya zagaya da Rabe bayan injin ya nuna masa wata 'yar na'ura da siririyar wayarta.

"Oga Rabe, wannan ce take gaya wa kwamfuta gudun da kan yake yi. Idan wayar ta tsinke, kwamfuta za ta ɗauka bai juyawa, ta yi ta ƙara masa wuta. In ka ga matsala a nan, ka kira ni."

Rabe ya ce, "To malamin waya, na ji."

Injin yana da ƙofa mai gilashi, kuma ba ya tashi sai an rufe ta. Wannan ya ƙona wa Rabe rai, domin shi da kunne da ido yake sanin ƙarfe, a ganinsa kuwa aiki ta bayan gilashi wasan yara ne. Ya cusa guntun ƙarfe a makullin ƙofar, inji ya riƙa aiki a buɗe. Babu wanda ya hana shi, kowa yana tsoron bakinsa.

Shagon kuwa gidan ɓeraye ne, saboda kayan injin niƙa da ake kawowa da ragowar dusa a jikinsu. Rannan Rabe ya tarar sun ɓalgaci siririyar wayar nan. Ya kira Titus ya ce ya kasa? Allah ya kiyaye. Ya murɗe ta da kansa, ya naɗe da salatif, inji ya tashi lafiya lau, Rabe ya yi dariya ya ce ashe ilimin ke nan.

Wata safiya yana gyaran fuskar wani babban fuli, girgizar inji ta raba ɗaurin wayar nan. Ƙarar ta canza nan take, ta koma kuka mai tsini, ƙasa ta ɗauki rawa, mutane suka yi waje da gudu. Jan madannin tsayarwa yana nan daf da kafaɗarsa ta hagu. Amma hannun da ya saba tun ƙuruciya bai tsaya shawara da shi ba. Hannun dama ya kai wa kan da ke juyawa don ya taka masa birki.

A asibiti aka ƙarasa cire abin da ya rage, daga wuyan hannu. Matarsa Barira ta yi kuka har muryarta ta dushe. Alhaji ya zo dubiya da ledar lemo, ya yi jaje a tsaye, sannan ya shiga bayanin irin ɓarnar da aka yi wa injinsa. Abokan aikin da Rabe ya sha zagi suka zo su ma, suka ce Allah ya sawwaƙe, amma ya ga yadda suke satar kallon bandejin, kuma ya san ba duka ne ke baƙin ciki ba. Wannan ya fi ciwon yi masa zafi.

Da ya warke ya koma shago, ya sa riga mai dogon hannu. Abin da yake so ɗaya ne, a mayar da shi gaban injinsa. Ya sauke murya yadda bai taɓa yi ba.

"Alhaji, wannan injin ai danna shi ake yi. Hagu ma ta isa."

Alhaji ya ce, "Malam Rabe, na riga na ɗauki mutum biyu. Amma ba zan kore ka ba, akwai abin da za ka yi mini."

Ya sa aka kawo kujerar roba aka ajiye gefen injin, inda duk mai aiki zai gan ta. Ya kira sababbin ma'aikatan, ya ce su zo su ga abin da buɗe ƙofa ke jawowa. Rabe ya tuna Barira da yara, ya zauna. Ya tura dungun cikin aljihu.

Alhaji ya ce, "A'a, fito da shi. Naɗe hannun rigar su gani da kyau."