Kawu a Bakin Tashar Rusaifa

Jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Madina, sai Kawu ya faɗo mini a rai. A gida ya daɗe yana shugabantar tashar reluwe, har aka naɗa shi kantoma. A Makka kuwa, da ya zo Hajji ya zauna, turare yake sayarwa a unguwar Mansur, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama.

Da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa a Makka, ya ce in kai shi ya hau. Na san sai da wannan takarda ake yankar tikiti, amma na kasa gaya masa. Muka je muka tsaya a wajen tashar cikin rana, rigarsa tana ƙamshin sandal, ina ta tunanin wanda zan roƙa. Babu kowa.

Jirgin ya fita shiru, ba hayaƙi. Kawu ya ciro tsohon agogonsa ya duba.

"A kan lokaci," ya ce. "Halas, shi ke nan, ɗana, mu tafi. Ni ma ban taɓa barin kowa ya hau ba tikiti ba."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya buɗe masa ƙofar da ta fi ta wannan tasha faɗi.