Baƙon Sarkin Mongol a Gonar Kawuna

Shekarun da na yi ina tafinta a Diffa, an taɓa haɗa ni da wani Bafaranshe mai gina rijiyoyi, dattijo mai son hira. Wata rana muna hanyar Maine-Soroa ya ce mini aikina tsoho ne, ya kuma ba ni labarin wani malamin Kirista da sarkin Faransa ya tura wurin Mongol, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mutumin ya yi watanni bisa doki kafin ya isa zangon sarkinsu. Ranar da aka shigar da shi, sai aka yi ta ɗura wa tafintansa giya har harshensa ya karye. Sarki na magana, baƙo na kallonsa.

Ran Juma'a na kai wa kawuna labarin. Manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, na iske shi yana shanya. Na zaci dariya zai yi. Sai ya aje kwando.

"Da me ya je musu? Ai ba a zuwa wurin sarki hannu sake."

Na ce ban sani ba.

"To, ɗana, koma ka tambayo."

Haka na zama ɗan aike tsakanin mutane biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Bafaranshen ya ce ɗan abin ci kawai mutumin ya riƙo, kuma ba takalmi ya shiga fada, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, don haka ƙa'idar ɗariƙarsu take. Kawu ya girgiza kai, ya ce a tambayo me suka ba shi ya sha. Da na kawo amsa cewa nonon goɗiya ne mai tsami, sai da ya tare wani makiyayi a kasuwa ya tambaye shi ko goɗiya na tatsuwa. Makiyayin ya ce ta raƙuma ya sani, amma goɗiya sai wanda ya gaji da haƙoransa.

Daga baya kawu ya ce in kawo masa Bafaranshen da kansa. Suka zauna a inuwar bishiya, ni a tsakiya. Nan Bafaranshen ya ce sarkin Mongol ya taɓa tara Kiristoci da Musulmi da masu bin Buda su yi muhawara, kuma a kan cewa Allah ɗaya ne, baƙon da Musulmin bakinsu ya zo ɗaya.

Kawu ya miƙe zaune. "Musulmi? A can? Mutanen ina ne? Wa ya karantar da su?"

Bafaranshen ya ce bai sani ba. Abin da ya sani, malamin Kiristan ya koma gida bai juyar da sarkin zuwa addininsa ba.

"Wannan bai dame ni ba," in ji kawu. "Su nake tambaya."

Ya cika wa baƙonsa jaka da busasshen tattasai, ya rako mu har mota. Injin na ƙugi ya leƙo ta taga, ya ce in gaya masa in ya koma ƙasarsu ya bincika ko Musulmin nan sun samu zuwa Makka.