Kiɗan Injin Baba

Wani direba da ke ɗaukar mana tumatir daga Kadawa zuwa Legas ne ya fara tura mini kiɗan a waya. Ya ce sunansa tekno, shi ke hana shi gyangyaɗi a hanya. Faifai guda ne, kusan awa ɗaya, babu muryar ɗan Adam ko ɗaya.

Ranar farko na yi ta jiran mawaƙi ya shigo har kiɗan ya ƙare. Sai a ji na uku, ina bakin kanal ina sako wa albasa ruwa, kunnena ya buɗe. Ashe a ƙarƙashin dukan nan da ba ya sauyawa akwai ƙananan sautuka da ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, wani ya jima, wani ya ɓace. Daga nan na shiga tara irinsa. Abokaina suka ce na koma sauraron injin niƙa. Ban musa ba.

A ranin da ya biyo baya na ɗauki ƙarar injin ban-ruwanmu a waya, na haɗa da ƙarar ruwa a bakin tiyo da ta fartanya. Mako uku ina yanka ina jerawa kafin ya zama kiɗa.

Wata rana bayan azahar muna hutawa a gindin mangwaro, Baba ya ce, "Kai, me kake toshe kunne da shi kullum?"

Baba dai ko rediyo sai labarai. Na cire abin kunnen, na kunna masa wanda na haɗa. Ya saurara har minti shidan kiɗan suka cika.

"Wannan ai injina ne," in ji shi. "Kafin a canza masa fulogi. Ji yadda yake tari."

"Shi ne, Baba."

"Kai ka haɗa?"

Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai, sannan ya ƙwala wa maƙwabcinmu na gona kira, dattijo sa'ansa. "Malam, zo ka ji aikin ɗana."

Sau biyu ya sa na maimaita. Maƙwabcin bai fahimci komai ba, ya ce dai Allah ya yi albarka. Ni kuwa yammar nan ni kaɗai na gama fangali goma sha biyu, ban san na gaji ba.